Kunyar 'Yar Fari

Kowa ya yi kuskure a kan maganar ƙanwata, har da ni. Mutanen ƙauyensu suka ce riƙo aka kai ta Kano, riƙo kuwa abu ne da muka tashi muka tarar. Da labarin ya iso unguwarmu ta Yalwawa a Dutse, maƙwabta suka ce talauci ne, an ba da yarinya don buhun shinkafa. Wata malamarmu ta sakandare da na ba ta labari ta ce jahilci ne kawai, ta ci gaba da duba wayarta. Ni kuwa abin da na faɗa ya fi na kowa muni. Cewa na yi Inna ba ta son 'yarta. Kuma ba a ɗaki na faɗa ba, a tsakar gidan suna na faɗa, da rana tsaka, mata sun fi talatin.

Ƙanwar da nake faɗa ba cikinmu ɗaya ba. 'Yar Inna ce, Inna kuma ƙanwar Ummana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a wani ƙauye gaba da Taura, inda mota take sauke mutum a bakin titi ya hau babur ya ratsa gonakin riɗi. Yarinyar ita ce 'yarta ta fari. Wata Hajiya da take zuwa garin daga Kano ta ɗauke ta tana da shekara goma sha ɗaya, aka ce riƙo ne, za a sa ta makaranta, za a yi mata kayan ɗaki idan lokaci ya yi. Ranar da nake ba da labari ta shekara biyu da tafiya. Sallah huɗu ke nan ba ta zo gida ba.

Ni a lokacin na gama sakandare, ina aiki a wani shagon buga takardu a Dutse, ina jiran a ce na samu gurbin karatu ko ban samu ba. Inna ta haihu, muka tafi suna ni da Umma. Tun da muka shiga nake raba ido. Na ga ƙannen yarinyar uku suna tsere a bakin rijiya, na ga jaririya, ban ga wadda nake nema ba. Na zaci dai ko don sunan za a kawo ta. Na jira aka ci waina, aka sha kunu, har rana ta take. Haƙuri ba ya cikin abubuwan da Allah ya ba ni da yawa.

Na ce, "Inna, wai ina 'yarki?"

Ta ce, "Ga su can a waje."

Na ce, "Babbar nake nufi." Na kuma kira sunanta, da ƙarfi.

Sai mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kai, 'yar birni! Ke ba a koya miki ta ido ba?" Wata ta ce, "Ku ƙyale ta, boko ya cinye mata kunya tas." Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, mai jego da ita, ta je ta buɗe tukunyar da aka riga aka sauke, ta leƙa, ta rufe.

Ni dariyar ce ta ƙona mini rai. Na ce, "Shekara biyu ba ki ji muryarta ba, kuma ko a jikinki? Wallahi Inna ba kya son yarinyar nan."

Umma tana zaune a kan tabarma kusa da ni, tana iya miƙa hannu ta taɓa ni. Amma sai ta kalli katanga ta ce, "A gaya wa waccan ta tashi ta ba mutane wuri."

Waccan ɗin ni ce. Ni ma 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, ba ta taɓa cewa "'yata" ba. Idan tana son in ɗebo ruwa, sai ta ce a gaya wa waccan, ko da daga ni sai ita a gidan. Kunyar ɗan fari ke nan. Saboda haka kada wani ya ce ban san al'adar ba. A cikinta na tashi, kuma haushinta nake ji tun ina 'yar firamare, lokacin da nake ganin iyayen wasu suna rungume su ranar karɓar sakamako. Abin da ban sani ba shi ne zurfinta a ƙauye. Mu a birni ta tsaya a suna da yabo. A can ta kai ga uwa ba za ta tambayi inda 'yar take ba.

Na tashi na fita ina huci. A ƙofar gida akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, tana zaune a gindin dalbejiya, ashe duk ta ji.

Ta ce, "Ke mai baki, zo nan."

Na je na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ke jikar marigayiya ce, uwar mai jegon nan, ko? Bakin nan nata ne, ba inda kika bar shi. To ke 'yar gidan nan kaɗai kika sani. Hajiyar nan ta ɗauki ta gidan mai gyaran keke, ta ɗauki ta gidan liman ƙarami, ta ɗauki biyu a unguwar gabas." Ta ci gaba da lissafi da yatsu har ta kai takwas.

Na ce, "Takwas? Mace ɗaya za ta riƙe yara takwas? Gidan marayu gare ta?"

Ta ce, "Oho. Ni daddawa nake sayarwa."

Daga nan fushin ya sauka, wani abu ya hau kansa. Ni mutum ce da in abu bai zauna mini daidai a kai ba, ba na iya cin abinci. Riƙon da na sani, gwaggonka ce ko yayar uwarka take ɗaukarka, mutum ɗaya, an san gidan, ana zuwa ana dawowa. Wannan wane irin riƙo ne mai kama da sarin kaji? Da Umma za ta koma Dutse washegari na ce zan ƙara kwana uku in taya Inna aikin jego. Ta kalli katanga ta ce a gaya wa waccan ta riƙe bakinta.

Ban riƙe ba. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, wai na zo gaisuwa. A ba ni tabarma, a ba ni ruwa, a yi ta ina wuni ina gajiya, sai in sako zancen yarinyar da ke Kano. Gida na farko uwar ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, facalarta ce ta amsa: tana nan lafiya, Hajiya ta ce tana nan lafiya. Gida na biyu uwar ta tashi ta shige ɗaki. Na uku ta ce, "Wa?" kamar ba ta gane ba. A gida na huɗu na fara zargin kaina, ko ni ce ban iya tambaya ba. Sai na juya tambayar. Na daina cewa ina take, na koma cewa ta nawa ce a ɗakin.

Ta fari. Ta fari. Ta fari.

Na zauna a kan wani kututture a bayan masallaci ina ta juya abin. Na ce to ai 'yan fari su ne manya, su suka fi ƙarfin aiki, dole su za a ɗauka. Amma hakan bai zauna ba. Na ga 'yan mata da yawa a garin masu shekara sha biyu, sha uku, ƙarfafa, suna ɗauke da tulu, waɗanda suke na uku ko na biyar a ɗakinsu, ba wanda ya ɗauke su. A gidan mai gyaran keke ma wadda aka ɗauka 'yar firit ce mai yawan laulayi, ga 'yar facalar uwarta sa'arta, ƙatuwa, an bar ta.

Gida na ƙarshe ne ya warware mini. Tun daga zaure na ji muryar matar gidan tana yi wa kaji faɗa. Ina sako zancen ta ce, "Tawa? Ga ta can tana daka. Ai na karɓo abata."

Na ce, "Ta nawa ce?"

Ta ce, "Ta uku. Me ya sa?"

Na ce, "Yaya aka yi ta dawo?"

Ta ce, "Damunta na yi. Kullum sai na je wurin mai shago na ari waya na kira Hajiyar. Ba ni 'yata mu gaisa. Ta ce tana makaranta. In kira da yamma, ta ce ta yi barci. Barci da la'asar? Na ce to zan hau mota in zo in tashe ta. Wata biyar ta gaji, ta sako mini ita a motar Taura, ta ce ita ba ta iya riƙon 'ya'yan masu baki ba."

Aka kira yarinyar. Za ta yi shekara sha huɗu, doguwa, ba ta son haɗa ido. Na ce mu je in taya ta daka. Ban iya daka ba, ta yi mini dariya, daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce gidan Hajiya yana bayan wata tasha, kwana biyu kawai suka yi a ciki. Mata suke zuwa da motoci, a jera yara a tsakar gida, a ce buɗe hannunki, a ce kin iya wanki, kina fitsarin kwance? Ita wani gida aka kai ta mai mutum tara. Wanke-wanke, shara, rainon yara biyu, wanki. Ba ta ga ƙofar makaranta ba sai in ta raka yaran gidan. Sunanta ma canza shi aka yi, don ya zo ɗaya da na 'yar matar gidan. Ƙarshen wata Hajiya take zuwa, su shiga ɗaki da matar gidan, su fito.

Na ce, "Da Hajiya za ta ɗauke ki, me ta tambaye ki?"

Ta ce, "Ba ta nan ranar. Wata ce ta kai ni. Da muka isa Hajiya ta dube ni ta ce, ke ce ta fari a ɗakinku? Na ce a'a, ni ce ta uku. Sai ta yi tsaki, ta ce wa matar, ban gaya miki ba? Kin jawo mini ciwon kai."

Na ajiye taɓaryar. Wallahi abin da na fara ji ba fushi ba ne, mamaki ne, irin wanda kake ji in ka ga ɓarawon da ya iya sana'arsa. Matar nan ta zauna ta karanci mutanenta. Ta san akwai yarinya ɗaya a kowane ɗaki da uwarta ba za ta taɓa zuwa wurin mai shago ta ce ba ni waya in kira 'yata ba. Ko ciwon ya kai mata ko'ina, ba za ta yi ba. Ba sai ta ɓoye yaran ba. Iyayen ne za su yi mata shirun da kansu, kuma garin ya yaba musu.

Na ce, "Kin ga ƙanwata a can?"

Ta ce sau ɗaya, da aka tara su a gidan Hajiya da ƙaramar Sallah. Ta yi tsawo, ta rame, hannunta duk ya saɓule saboda omo. "Da ta ji zan dawo ta ce in gaishe da... sai ta yi shiru. Sai ta ce in gaishe da mutanen gida."

"Kin faɗa wa Inna?"

"Na faɗa. Ta ce to. Ta ci gaba da tankaɗe."

Na koma wurin mai daddawa, don na lura ta fi sanin abin da take nunawa. Na ce, "Iya, ku da kuka ƙirƙiro kunyar nan, ba ku yi tunanin wata rana za a cuci yaro uwar tana kallo ba?"

Ta ce, "Mu muka ƙirƙiro? Ji mini yarinya. Ke da kike 'yar fari, wa ya yaye ki?"

Na ce, "Kaka."

"Wa yake zuwa makarantarku in an taɓa ki?"

Na tuna ina aji uku wani malami ya zane ni har bayana ya fashe, a kan laifin da ba nawa ba. Umma ta ga bayan, ba ta ce uffan ba, ta ɗora ruwan zafi. Washegari Kaka ta yafa mayafi ta tafi makarantar da sandarta, ta tsaya a ƙofar ofishin hedimasta tana kiran sunana tana cewa a fito mata da wanda ya taɓa ni. Sai da aka ba ta haƙuri sau uku. Ban taɓa tambayar kaina wa ya gaya wa Kaka ba, alhali gidanta yana wata unguwa.

Mai daddawa ta ce, "Uwa tana shiru ne don akwai mai magana. 'Yar fari ta kaka ce, ko ta yayar uwa. Su suke kiran suna, su suke faɗa. Haka abin yake tafe, biyu-biyu. To kakarku yaushe ta rasu?"

Na ce, "Shekara uku."

Ta ce, "Hajiyar yaushe ta zo gidanku?"

Ta miƙo mini ƙullin daddawa ta ce in kai wa mai jego.

Da yammacin ranar mijin Inna, wanda muke ce wa Baffa, ya kira ni zaure. Mutumin kirki ne, manomin riɗi da albasa, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, a naɗe cikin leda, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "'Yar boko, tunda kina ta neman ƙanwarki, ga albishir. Hajiya za ta kai ta Makka. Ta aiko in dangwala yatsa a nan, Juma'a ta sama za a zo a karɓa. Karanta mini in ji daɗi."

Na karɓa. Irin takardun da nake bugawa kullum ne, har na gane irin rubutun injin. Takardar amincewar uba ce, da Turanci. Ta ce shi, uban, ya yarda 'yarsa ta fita ƙasar waje aikin gida na shekara biyu. Ba Makka a ciki, ba sunan gari ko ɗaya. An rubuta sunanta da wani ƙari da ba nata ba. Shekarunta kuma an sa ashirin da ɗaya.

Na ce, "Baffa, shekarunta sha uku."

Ya ce, "Ai takarda ce kawai. Hajiya ta ce sai an ƙara ake ba da fasfo."

"Ba Makka a nan. Aiki aka rubuta. Aikin gida."

Fara'ar ta ragu, amma bai yi fushi ba. Ya ce, "To ko aikin ne, a ƙasa mai tsarki ai lada ne. Ni ban je ba, ubana bai je ba." Ya gyara zama. "Kuma ku 'yan boko ba a gane muku. Da tana nan da yanzu masu nema sun fara zuwa. Ku ne kuke cewa a rediyo kada a yi musu aure da wuri. Na bi maganarku, na ba da ita inda za ta waye. Yanzu kuma wannan ɗin ma laifi ne?"

Wannan ta tsaya mini a wuya, don ba ƙarya ya yi ba. A ransa shi abin da aka ce ya yi ya yi. Na ce, "Baffa, a Kano ma mun kasa jin muryarta, ga mota kullum tana zuwa. In ta haye ruwa da sunan da ba nata ba da shekarun da ba nata ba, in mun je nema, wa za mu ce muna nema?"

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta, ya juya ta ƙasa ya juya ta sama duk da ba ya iya karantawa. Ya ce, "Hajiya ta yi mana alheri. Ba zan kunyata ta ba." Can kuma ya ce, "Amma ba zan dangwala ba sai ranar Juma'ar. In akwai abin da za ki gano kafin nan, gano." Na ɗauki hoton takardar da wayata, gaba da baya.

Da safe ina haɗa kayana, na hango Inna a bayan ɗaki tana ba akuya dusa. Na je na tsaya. Tun ranar suna ba mu yi magana mai tsawo ba. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da na faɗa."

Ta ce, "Da me?" Ba ta juyo ba. Ta shafa wuyan akuyar, ta ce da ita, da akuyar, "An ce wasu za su Kano."

Ban ce zan je Kano ba. Ban gaya wa kowa komai ba.

Ta ce, har yanzu da akuyar, "In mutum ya ga 'yar mutane bai gane ta ba, don yara suna canzawa, ya duba bayan kunnen hagu. Akwai tabon ƙuna, tun tana rarrafe. Kuma ba ta cin kuɓewa, tana sa ta ƙaiƙayi. Ban sani ba ko an gaya musu."

Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye wani ɗan ƙulli a kan turmi, ta ɗauki kwanon dusa ta wuce. Na buɗe. 'Yar takarda ce da lambar wayar Hajiya, ta yi laushi kamar tsumma saboda taɓawa, ninkin har ya fara yagewa. Inna ba ta iya karatu ba. Shekara biyu tana ɗauke da lambar a bakin zani, shagon mai waya yana taku hamsin daga ƙofarta.

Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Amma kuɗin da mai babur ya faɗa zuwa bakin titi shi na ba shi, ni da nake ciniki a kan komai.

A Dutse na nuna wa mai shagonmu hoton. Ya ce wannan safarar mutane ce ƙarara, akwai ofishin da aikinsu ke nan, ya kwatanta mini. Malamar nan tawa kuma ta ce ai ta faɗa, al'adun nan ne suke kashe mu, sai an tumɓuke su gaba ɗaya. Na ce mata, "Malama, in kin je kin ce wa Inna ta kira sunan 'yarta a bainar jama'a, kin ce ta tuɓe zani ne a kasuwa. Ba za ta yi ba, kuma za ta daina buɗe miki ƙofa." Ta ce to sai a zuba ido, a ce al'adarsu ce? Na ce a'a. Ni kaina na yi ta neman inda zan ja layin. Kunyar Inna tata ce, ba ta ci wa kowa komai ba muddin akwai mai magana. Ranar da babu shi, kuma wata ta gane babu shi ta mai da abin hanyar cin abinci, daga nan ba zancen a girmama al'ada ba ne. Yarinya ce mai shekara sha uku da hannu a saɓule. Ni ban damu Inna ta kira sunan ba. Wani dai ya kira.

Na sami Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na zauna a gabanta, daf da ita, yadda ba katangar da za ta kalla sai ni. Na ba ta labarin tun daga mai daddawa har akuya. Na ajiye 'yar takardar a kan faifan.

Na ce, "Umma, Kaka ta rasu. Ke ce babba. 'Yar farin ƙanwarki ba 'yar farinki ba ce. Ke ba ki da kunyarta. Shekara biyu kowa yana jiran wani ya tambaya, ashe ke ake jira."

Na zaci za ta ce a gaya wa waccan ta yi mata shiru. Ba ta ce ba. Ta ɗauki takardar, ta shafa ninkin da babban yatsa. Sai ta kira sunan yarinyar, a hankali, kamar tana gwada ko bakinta zai iya. Ta sake kira, da ƙarfi wannan karon, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce wa ake nema.

Umma ta ture faifan ta ce, "A gaya wa waccan ta nemo mana motar Kano ta ranar Asabar. Kuma a gaya mata ta sa takalmin kirki, ba wannan silifas ɗin ba."

Ga abin da na yanke. Asabar za mu biya ta Taura mu ɗauki matar nan mai baki da 'yarta, don yarinyar ce ta san gidan da ke bayan tashar. Umma ce za ta yi sallama, ita za ta kira sunan, ni zan tsaya a bayanta da hoton takardar, na buga kwafi huɗu a shagonmu. Ba za mu karɓi tana makaranta ba, ba za mu karɓi ta yi barci ba. In Hajiya ba ta nuna mana ita ba kafin la'asar, ofishin da mai shagonmu ya kwatanta za mu wuce, ko Baffa ya ji kunya ko kada ya ji. In mun same ta, bayan kunnen hagu zan fara dubawa.

Sauran shidan kuma na rubuta sunayensu a bayan littafina. A gefen kowane suna na bar fili. In mun dawo zan koma garin, ba wurin iyayen ba wannan karon, na gama da takura musu. Mai daddawa za ta gaya mini wacce ce take da kaka a raye, wacce take da gwaggo, wacce take da yayar uwa, ko a Ringim take ko a Haɗeja. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in gaya musu su ake jira.